Tambayoyi da amsoshi kan tuƙa ƙaramin jirgin ruwa lafiya a tekunan Turai masu wuya

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu koyon tuƙin ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska, da masu shirin ɗaukar hayarsa, da waɗanda aka gayyata su yi tafiya a cikinsa. Duk inda aka ce "mil" a nan, mil ɗin teku ake nufi, wato mita 1,852. Irin jirgin da ake magana a kai yakan ci mil 5 zuwa 6 a awa. A riƙe wannan adadi, domin kusan kowace amsa tana komawa gare shi.

Waɗanne ruwaye ne ake kira masu wuya a Turai?

Sun kasu gida uku. Akwai na yamma da arewa, inda teku ke cikowa ta janye da ƙarfi: mashigin da ke tsakanin Ingila da Faransa, gaɓar Brittany ta Faransa, tsibiran Sikotland, da bakin kogin Elbe a Jamus. Akwai buɗaɗɗen ruwan da ke kallon Atlantika, wato Tekun Biskay da gaɓar Galisiya da ta Fotugal, inda raƙuman ruwa ke zuwa daga nesa babu abin da ya tare su. Sai Bahar Rum, wanda wuyarsa ta iska ce mai saukowa daga duwatsu.

Abin da ya haɗa su shi ne haɗarinsu sananne ne. An auna shi, an rubuta shi a taswira da littattafan matuƙa shekaru aru-aru. Yawancin waɗanda suka shiga uku a wuraren nan sun isa ne a lokacin da littafi ya ce kada a isa.

Na saba da kwale-kwale a kogi da tafki. Me zai bambanta a teku?

Babban bambanci shi ne cikowa da janyewar ruwa. Wanda ya san Kwara ko tafkin Kainji ya san ruwa yana ƙaruwa da damina ya ragu da rani, kuma kogi gefe ɗaya yake gudu. A tekun yammacin Turai ruwa yana cikowa sau biyu, ya janye sau biyu a kowace awa 24 da minti 50, kuma gudunsa yana juyawa kusan duk bayan awa 6. A Saint-Malo ta Faransa tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa tana haura mita 12, a bakin kogin Severn na Ingila kuwa tana kaiwa kusan mita 14. Wurin da ka jefa anka da hantsi cikin ruwa mai zurfi zai iya zama tsandaurin yashi da la'asar.

Wata ne ke jan wannan ruwa, don haka mai bin kwanan wata yana da sauƙin gane lissafin. Cikowa mafi ƙarfi tana zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan cikarsa a tsakiyar wata. Idan wata yana rabi, ƙarfin ruwan yakan ragu. Ba ya kuma hawa daidai wa daida: a awa ta farko yakan hau kashi 1 cikin 12 na tazarar, a ta biyu kashi 2, a ta uku da ta huɗu kashi 3 kowacce, sannan ya ragu zuwa 2 da 1. Rabin ruwan gaba ɗaya yana motsi ne a awa biyun tsakiya.

Inda ƙasa ta matse ruwan, gudunsa ya fi ƙarfin jirginka. Tsakanin tsibirin Alderney da tsinin La Hague na Faransa yana kaiwa kusan mil 10 a awa a lokacin babbar cikowa, a Pentland Firth da ke arewacin Sikotland yana wuce haka. Jirgi mai gudun mil 5 da ya tunkari wannan ruwa baya zai riƙa yi, ko da injinsa yana kuka. Ana duba jadawalin cikowa ne a shirya isa mashigin daidai lokacin da ruwa ya tsaya zai juya, ko da hakan yana nufin tashi daga tasha ƙarfe 3 na dare.

Me ya sa matuƙa ke tsoron iska ta yi karo da gudun ruwa?

Idan iska da ruwa suna tafiya gefe ɗaya, raƙuman ruwa sukan miƙe su yi tsawo, jirgi ya hau ya sauka cikin sauƙi. Da zarar ruwan ya juya ya fuskanci iskar, sai raƙuman su takure, su miƙe tsaye, kawunansu su riƙa fashewa. Ƙarfin iskar bai ƙaru ko kaɗan ba, amma tekun da kake ciki ya zama wani daban cikin rabin awa. Abin ya fi muni a gaban tsinin ƙasa da kuma inda ƙasan teku ke da tudu, kamar Portland Bill a kudancin Ingila, da Raz de Sein a Brittany, da mashigin Corryvreckan tsakanin tsibiran Jura da Scarba.

A ganina wannan shi ne darasin da sabon matuƙi ya fi rainawa, domin yana duba ƙarfin iska kawai a waya ya ga babu laifi. Dole a haɗa abu biyu a kan takarda ɗaya: ina iska za ta fito, ina kuma ruwa zai nufa a sa'ar da zan kai wurin. Idan suka saba, a jira juyawa ta gaba, ko a zagaye tsinin da nisan mil da dama.

Yaya ake karanta hasashen yanayi na teku?

Ana faɗin ƙarfin iska da ma'aunin Beaufort, daga 0 zuwa 12. Mataki na 4, mil 11 zuwa 16 a awa, shi ne daɗin tafiya. Na 6, mil 22 zuwa 27, ya isa ya hana sabon matuƙi fita. Na 8, mil 34 zuwa 40, guguwa ce da ake yi wa sanarwar gargaɗi. Lambobin suna yaudara, domin idan gudun iska ya ninka biyu, matsin da take yi wa ƙyallen da ke kama iska a jirgi ya ninka huɗu ne. Kuma hasashe matsakaicin gudu yake faɗa, bugun da ke zuwa jefi-jefi ya fi shi nesa.

A Birtaniya hukumar yanayi tana fitar da hasashe na yankunan teku 31, gidan rediyon BBC yana karantawa, masu gadin gaɓa kuma suna maimaitawa a rediyon jirgi. Na'urar Navtex tana karɓar gargaɗi a rubuce cikin Turanci a duk gaɓar Turai. Manhajojin waya suna da amfani, amma a kwatanta biyu ko uku. Idan suka saba wa juna, wannan kansa labari ne: yanayin bai zauna ba. A kuma riƙa rubuta abin da ma'aunin nauyin iska na cikin jirgi ya nuna duk awa. Faɗuwarsa da sauri alama ce ta iska mai ƙarfi, ko hasashe ya faɗa ko bai faɗa ba. Ƙyalle kuwa ana rage shi tun lokacin da zuciya ta fara raya maka a rage.

Ta yaya ƙaramin jirgi zai tsallaka mashigin Dover?

Faɗinsa a inda ya fi matsewa kimanin kilomita 33 ne, kuma manyan jirage sama da 400 ke ratsa shi a rana. Tun 1967 aka raba shi hanya biyu: masu zuwa kudu maso yamma suna bin ɓangaren Ingila, masu zuwa arewa maso gabas suna bin na Faransa. Doka ta 10 cikin dokokin kauce wa karo na duniya na 1972 ta ce mai tsallakawa ya miƙa hancin jirginsa kai tsaye, ya yanke hanyar a gicciye. Hancin jirgi doka ta ambata, saboda haka ko gudun ruwa yana tura ka gefe, ba za ka karkata don gyarawa ba. Hikimar ita ce ka fita daga hanyar da wuri, kuma manyan su gane nufinka. Dokar ta kuma hana jirgi mai ƙyalle ko wanda bai kai mita 20 ba ya tare wa babban jirgi hanya.

Kamar tsallaka babban titi ne da ƙafa: tirela ba ta tsayawa don kai. Jirgin kaya mai gudun mil 20 yana cin mil ɗaya cikin minti 3, wanda ka hango a nisan mil 5 zai iso ka cikin minti 15. A auna shi da kamfas sau biyu ko uku. Idan kusurwarsa ba ta canzawa alhali yana ƙara girma, karo ke tafe. A kauce da wuri, kaucewar da za ta fito fili, a bi ta bayansa. Idan iska ta yi rauni a kunna inji, ba wurin nuna gwaninta ba ne. Masu sa ido daga Dover a Ingila da Gris-Nez a Faransa suna kallon kowa a na'ura, kuma ana cin tarar masu karya doka.

Idan hazo ya rufe fa?

Hazo ya fi yawa a mashigin Ingila da gaɓar Galisiya da Fotugal daga bazara zuwa tsakiyar lokacin zafi, sa'ad da iska mai ɗumi ta ratsa kan ruwa mai sanyi. Idan ya same ka a tasha, zauna. Idan a hanya ne, rubuta inda kake nan take, kowa ya sa rigar ceto, a kunna fitilu, a riƙa busa ƙaho duk minti 2, a nufi ruwa marar zurfi inda manyan jirage ba sa iya shiga.

Na'urar AIS tana nuna maka sunan babban jirgi da gudunsa da inda zai gitta ka, kuma idan taka mai aikawa ce, su ma suna ganinka. Tana da daraja ƙwarai, sai dai ba kowa take nunawa ba: ƙananan jiragen masunta da na shaƙatawa da yawa ba su da ita. Ido da kunne suna nan a matsayinsu.

Da gaske ne Tekun Biskay ya fi ko'ina haɗari?

Ya cancanci a ji tsoronsa, amma dalilin a fili yake. Zurfin teku a can yana tashi daga mita 4,000 zuwa ƙasa da 200 cikin ɗan taƙi, sai raƙuman Atlantika su yi tuntuɓe da wannan tudu su hargitse. Iskar yamma kuma tana tura jirgi cikin lungun, inda tashoshin fakewa ba su da yawa. Daga Brest ta Faransa zuwa A Coruña ta Sifaniya kimanin mil 350 ne, tafiyar kwana 3, kuma hasashen kwana 3 abin dogaro ne a yau. Don haka masu hankali sukan tsallaka tsakanin Yuni da Agusta, su zauna a tasha mako ɗaya ko biyu suna jiran sarari.

Abin da ke kai mutane cikin guguwar Biskay galibi alƙawari ne: tikitin jirgin sama da aka saya, hutun aiki da zai ƙare, baƙon da ke jira a ɗaya gaɓar. Wanda zai yi wannan tafiya ya bar kwanaki a buɗe. Ya kuma tsara barci da tsaro bi da bi tun daren farko, a dafa abinci kafin tashi, a sha maganin jiri da amai tun ba a bar tasha ba. Gajiya da amai sun fi raƙuman ruwa kayar da matuƙa.

Ai Bahar Rum kwance yake, ko ba haka ba?

Cikowa da janyewarsa kaɗan ce, shi ya sa ake zaton haka. Amma kowane sashe yana da iskarsa mai suna. Mistral tana gangarowa ta kwarin kogin Rhône zuwa tekun kudancin Faransa, sau da yawa sama garau babu girgije. Bora tana faɗowa daga duwatsun Velebit a Kuroshiya da kuma kan Trieste, an sha auna bugunta sama da kilomita 200 a awa, ta fi tsanani da hunturu. Meltemi tana busowa daga arewa a tekun Girka a Yuli da Agusta, daidai lokacin da masu haya suka fi yawa, takan kai mataki na 7 ko 8 ta yi kwanaki. A bayan tsibiri mai tsauni, inda mutum ke zaton mafaka, nan take faɗowa da ƙarfi ninki.

Mashigai ma suna da nasu. A Jibraltar ruwan sama yana kwarara daga Atlantika zuwa gabas, idan iskar gabas ta taso ta yi karo da shi sai a samu abin da aka bayyana a amsar karon iska da ruwa. A mashigin Messina gudun ruwa yana juyawa kusan duk awa 6. Sai kuma hadarin ƙarshen lokacin zafi, sa'ad da ruwa ya ɗumama: a Agustan 2024 babban jirgin shaƙatawa Bayesian ya nutse yana kan anka kusa da Porticello a Sisili, mutum 7 suka rasu. Kwana a kan anka yana buƙatar sarƙa isasshiya da sanin ta inda za a fice cikin duhu.

Mene ne labarin dabbobin ruwa da ke lalata jirage a gaɓar Sifaniya da Fotugal?

Tun 2020 wasu manyan dabbobin ruwa da ake kira orka suke tunkarar jirage masu ƙyalle, su riƙa dukan allon juya akala da ke ƙarƙashin jirgi har ya karye. Jirage da yawa sun lalace, 'yan kaɗan sun nutse. Sun fi yawa a kusa da Jibraltar da tekun Cádiz daga bazara, sannan su bi kifin tuna zuwa arewa. Adadinsu kaɗan ne, doka ta kare su, cutar da su laifi ne. Hukumomin Sifaniya suna ba da shawarar a bi kusa da gaɓa cikin ruwa marar zurfi a lokacin. A duba sanarwar hukuma da taswirar inda aka gan su kafin a tashi, a kuma tanadi hanyar tuƙi ta gaggawa.

Wane kayan kariya ne ba a fita sai da su?

Rigar ceto ga kowa, a jiki, da maɗaurinta na tsakanin cinya a ɗaure, domin in babu shi rigar takan zame ta kai. Sai igiyar da ke ɗaure mutum da jirgi da dare ko cikin iska. Ruwan mashigin Ingila yakan sauka ƙasa da digiri 10 a ƙarshen hunturu, ko a lokacin zafi da wuya ya wuce 18. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, a mintin farko numfashi ke ƙwace masa, ya shaƙi ruwa ba da sonsa ba. Bayan kamar minti 10 hannuwa su daina kama abu. Gwanin iyo ma haka yake. Abin yi shi ne a kwanta rigingine a bar numfashi ya daidaita kafin a yi wani yunƙuri. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Bayan haka: rediyon VHF, na'urar EPIRB mai aika kiran ceto ta tauraron ɗan'adam, kwale-kwalen ceto mai hura kansa idan za a yi nisa, harsasan haske, abin kashe gobara, famfon kwashe ruwa na hannu, da taswirar takarda don ranar da lantarki ya ɗauke. A gwada ɗauko mutum daga ruwa da rana cikin kwanciyar hankali, kuma kada kyaftin kaɗai ya iya, don wataƙila shi ne zai faɗa.

Yaya ake neman agaji?

Tasha ta 16 a rediyon VHF ita ce ta gaggawa a duk duniya. Idan rai yana cikin haɗari, a danna jan maɓallin rediyo a riƙe, sannan a ce "Mayday" sau uku, a faɗi sunan jirgi, inda yake, abin da ya faru, da yawan mutanen ciki. Idan matsala ce babba amma ba ta kai ga rai ba, kamar mutuwar inji kusa da hanyar manyan jirage, "Pan-Pan" ake cewa. Jan maɓallin ba ya aiki sosai sai an yi wa rediyon rajista an haɗa shi da GPS. Waya tana taimakawa kusa da gaɓa: 112 a ƙasashen Turai, 196 a Faransa, 1530 a Italiya. Amma waya mutum ɗaya take kira, rediyo kuwa duk jiragen da ke kusa suna ji.

A kira da wuri. Ƙungiyar ceto ta RNLI ta Birtaniya da Ailan, wadda aka kafa a 1824, da SNSM ta Faransa, galibin masu fita ceto a cikinsu 'yan sa-kai ne da ke barin gadajensu. Ya fi musu sauƙi su ja jirgi da rana da su nemi mutum a ruwa da dare.

Idan guguwa ta kama ni, in ruga tasha ko in bar jirgin?

Ba kowace tasha ake shiga cikin guguwa ba. Tashoshin bakin kogi na Fotugal, irin su Figueira da Foz da Aveiro, suna da tudun yashi a ƙofa inda raƙuma ke fashewa, har hukuma kan rufe su. Gaɓar da iska ke tura ka zuwa gare ta ita ce abin gudu. Sau da yawa nisantar ƙasa, da rage ƙyalle, da rufe kowace ƙofa ya fi aminci. Shi ya sa ake rubuta tashoshin fakewa tun kafin tashi, da irin iskar da kowacce ke karɓa. Wajen shiga kuwa, a Turai jar alama tana hagu, koriya tana dama.

Batun barin jirgi, gasar Fastnet ta Agustan 1979 ta koyar da darasi mai ɗaci. Jirage 303 suka tashi, guguwa ta same su tsakanin Ingila da Ailan, 'yan gasa 15 suka mutu. An bar jirage 24, amma daga baya aka tsinci 19 daga ciki suna yawo a kan ruwa, alhali wasu daga waɗanda suka koma kwale-kwalen ceto sun halaka. Ba a barin jirgi sai yana nutsewa da gaske ko wuta ta ci ƙarfinsa.

Idan na haɗu da kwale-kwalen 'yan ci-rani fa? Kuma shawarwarin nan za su amfani mai niyyar tsallakawa ta wannan hanya?

Dokar teku ta wajabta wa kowane kyaftin taimakon wanda ke cikin haɗari, ko wane ne shi. A kira masu gadin gaɓa nan take, a faɗi wuri da yawan mutane, a tsaya kusa ana kallo, a bi umarninsu. Kada a matsa da gaggawa, domin mutane sukan taru gefe ɗaya kwale-kwalen ya kife, ƙaramin jirgi kuma ba zai ɗauki mutum 60 ba.

Tambaya ta biyu tana ci mini rai, don cikin masu bi ta Agadez zuwa Libiya akwai 'ya'yanmu. Amsar ita ce a'a. Duk abin da aka faɗa a sama ya dogara ne ga jirgi mai lafiya, da rediyo, da ikon cewa yau ba za a fita ba. Wanda aka cusa cikin robar da aka cika fiye da kima, a tura shi tafiyar kusan kilomita 300 zuwa tsibirin Lampedusa na Italiya, ba shi da ko ɗaya. A 3 ga Oktoban 2013 mutum sama da 360 suka mutu dab da tsibirin, a Nuwamban 2021 aƙalla 27 suka nutse a mashigin Ingila. Hukumar ƙaura ta duniya ta ƙirga sama da mutum 20,000 da suka mutu ko suka ɓace a tsakiyar Bahar Rum tun 2014.

Wace takarda ake buƙata, kuma daga ina zan fara?

Ya danganta da ƙasa da tutar jirgi. Birtaniya ba ta tilasta lasisi ga mai tuƙa ƙaramin jirginsa na shaƙatawa a teku, amma Kuroshiya da Girka suna neman shaida kafin a ba ka haya, Kuroshiya ta ƙara da takardar iya rediyo. Takardar ICC, wato shaidar iya tuƙi ta ƙasa da ƙasa, ana karɓarta a ƙasashe da yawa. Darussan RYA, hukumar harkar tuƙin jiragen shaƙatawa ta Birtaniya, suna hawa daki-daki, daga na ma'aikacin jirgi zuwa Day Skipper har Yachtmaster. Mai fasfo na wajen Turai ya tuna biza tana aiki a teku kamar a tudu, kuma tsallakawa daga Ingila zuwa Faransa shiga wata ƙasa ce, sai an sanar da jami'an kan iyaka.

Fara da zama ɗan jirgi a hannun wanda ya san ruwan, kuma idan da hali ka koya a inda teku ke cikowa ta janye, kamar Solent a kudancin Ingila ko kudancin Brittany. Wanda ya koya a can zai iya Bahar Rum cikin sauƙi, amma wanda ya koya a Bahar Rum kaɗai sai ya sake zama ya koyi jadawalin ruwa kafin ya tunkari Alderney.